Daminar da Aka Yi Noma da Kiɗan Injin Niƙa

Ruwan bana ya yi jinkiri. Mun share gonaki tun da wuri, mun kai taki, muka zauna muna kallon gabas. Hadari yakan taso da la'asar, ya yi baƙi har kaji su shige akurki, sai iska ta zo ta kwashe shi ta yi arewa da shi. A cikin wannan jiran ne aka aiko mini cewa Kawu Jatau ya rasu. Muka kai shi da hantsi. Ƙasar kabarin a bushe take, tana zubowa kamar gari. Ina tsaye, zafin rairayi yana ratsa takalmina, sai na tuna wata damina da ta fara kamar wannan, fiye da shekara ashirin da suka wuce.

Kawu Jatau ɗan baffan mahaifiyata ne, kuma makaɗin noma ne. Tun daga ƙauyukanmu na ƙasar Sandamu har wajen Dutsi, in aka ce gayya ce kuma Jatau zai zo, ba a roƙon kowa. Yana da taken kowane gida a kansa. Yakan bi bayan manoma da gangarsa, in ya ga ka fara sanyi sai ya buga taken kakanka, ka ji kamar an zuba maka wuta a ƙugu. Ina yaro na sha bin sa gona-gona, ba don noma ba, don in ga yadda ƙattai ke zabura in ya juya musu bakin ganga.

Da aka ƙaddamar da shari'a, sai aka yi ta wa'azi a kan kiɗa. Wasu malamai suka ce a bar shi duka, wasu suka ce na noma daban ne. Kawu bai jira an gama gardama ba. Shi da Limamin ƙauyenmu tare suka yi kiwon awaki suna yara. Wata rana bayan sallar la'asar ya ba Liman hannu a gaban mutane, ya ce hannun nan ba zai ƙara taɓa fatar ganga ba. Ya rataye ta a zaurensa, ya kama aiki a injin niƙa na bakin kasuwa. Muka riƙa ganinsa fari fat da gari, yana zuba hatsin mata a bakin inji, ba ya ko ƙwanƙwasa kwano da yatsa.

Shekarar da ta gabaci daminar da nake magana, ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Abin da muka girba bai kai mu bazara ba. A wajenmu mace ba ta leƙa rumbu, maigida ne ke hawa ya ciro dami ya miƙa. Ranar da na hau da tsintsiya a hannu, Rabi maiɗakina tana tsakar gida tana kallo. Ta karɓi abin da na sharo, ta zauna tana tsince kashin ɓera.

Daga nan gida ya koma cin abinci sau ɗaya. Da safe a dama wa yara kunu mai ruwa-ruwa, wanda kana ganin ƙasan kwano ta cikinsa. Da rana kowa ya nemi inuwa ya kwanta, don zafin bazarar nan ko kare ba ya haushi. Da la'asar Rabi ta dafa yaɗiya ko busasshiyar tafasa, ta barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri. Muka sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya, har turke ya zama babu abin ɗaurewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun yara. Suka daina guje-guje, suka daina faɗa, sai su kwanta a gindin darbejiya suna bin ka da ido.

Ruwan farko ya sauka, muka yi shuka da murna. Ya ɗauke, tsiron ya ƙone. Muka sake shuka da irin da surukina ya ba ni. A karo na biyu ruwa ya zauna sosai. Ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi suka cika tafki, gero ya fito kore shar. Ciyawa ma ta fito tare da shi, don ita ba ta jiran kowa.

A daidai lokacin ne kurkunu ya fito mini a idon sawu. Ya fara da ƙuraje mai zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, sai ga kansa fari kamar zare. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Ba a jan sa. Naɗe shi ake yi a jikin tsinke, kullum ɗan kaɗan, gwargwadon abin da ya yarda ya bayar. In ka yi gaggawa ya tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura, wani ma ya gurgunce. Haka na zauna a zaure da ƙafa miƙe, ina jin mutane suna wucewa gona da fartanya a kafaɗa.

Rabi ta gwada. Takan fita da goyo bayan asuba, ta dawo da hantsi idonta ya faɗa. Amma gonar gado ce, babba, ita kuma cikinta babu komai. Inda ta nome yau, kafin ta kai tsakiya ya sake rufewa. Harkiya da ƙarangiya suka hau kan gero. Aka ɗora ni a jaki na je na gani. Ganyen ya fara rawaya, ya yi siriri, yana leƙowa daga cikin ciyawa kamar mai neman taimako.

Surukina ya zo duba ni. Dattijo ne mai kunya, ya daɗe yana zana ƙasa da sanda kafin ya yi magana.

"Habu, ba faɗa ya kawo ni ba. In geron nan ya mutu, yunwa biyu ke nan a jere. Zan ɗauki Rabi da yaran su zauna wurina. Kai kuma in ƙafa ta warke ka tafi ci-rani."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

Gaskiyar ce kuwa. Amma na san gidaje a ƙauyenmu da aka raba haka da sunan kafin kaka, har yau ba su sake haɗuwa ba.

Na aika aka kira Sale, taubashina, na ce ya kira mini gayya. Ya dube ni ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Gayya da me, gurgu? Ba fura, ba ganga. In ce wa mutane su zo su yi ta kallon ƙeyar juna? Kowa da tasa ciyawar, kowa da tasa yunwar."

Bai yi ƙarya ba. Abu biyu ke kawo mutum gayya, abin da zai ci da abin da zai ji. Ba ni da ko ɗaya.

Washegari da rana na sa aka kai ni gidan Kawu Jatau. Injin niƙa ba ya aiki sosai a lokacin, don babu hatsin niƙawa. Na tarar da shi a zaure, ya ajiye rikoda biyu baki da baki kamar masu gulma. A kan katanga ya jera tsofaffin batura a rana, wasu duk shaidar haƙori a jikinsu. Gangar tana rataye a sama, gizo-gizo ya yi mata saƙa.

Na gaishe shi, na ce, "Kawu, safiya ɗaya kawai. Ka sauko da ita. Gidana zai watse."

Bai ko ɗaga kai ya dube ta ba. "Na ba Liman hannu, ɗan nan."

"Allah ya ga lalura."

"Ya gani. Ya kuma ga hannun da na bayar." Can ya ce, "Kuma ko na sauko da ita, kashe maka mutane zan yi. Mai yunwa in ya ji taken ubansa zai zabura, kafin hantsi ya faɗi a kunyar gona. Gyara ƙafarka, ka ji wani abu."

Ya ɗauko kaset mai jan zare ɗaure a kusurwa. Kawu bai iya rubutu ba, da zare yake gane kaset-kaset ɗinsa. Ya zura tsinke a ramin ya juya shi baya da hannu don kada ya ci batir, a hankali, kamar yadda nake naɗe kurkununa. Ya sa, ya danna.

Da farko wani shuu na ji, kamar ruwan sama yana tahowa daga nesa. Sai wani bugu ya shigo daga ƙasa, mai nauyi, a hankali, kamar zuciyar babban sa. A kansa wasu bugu biyu suka hau suna karɓa wa juna, kamar tsawa a bayan gari. Sai muryoyi masu kauri suka taso, ba na mutane ba, ba na dabbar da na sani ba. Sama da su duka wani siririn fito yana hawa yana sauka, ya ɓace, ya dawo. Ba waƙa, ba take, ba sunan kowa. Abin bai nufi ko'ina ba, yana nan dai yana juyawa, yana buɗewa. Na manta da zafin ƙafata, abin da ban yi ba tun da ta fashe.

Na ce, "Kawu, wannan na aljanu ne?"

Ya yi dariya har da tari. "Aljanin farko injin niƙa ne. Kullum ina tsaye a kansa, na ji ashe yana da kiɗa, mai shi bai sani ba. Na ɗauke shi a wannan rikodar. Na kunna ta, na sa waccan tana saurare, mata suna lugude a bayan katanga, ta haɗiye su tare. Na koma tafki na ƙara kwaɗi. Fiton nan kuwa rediyo ne, tsakanin tasha da tasha, inda ba kowa."

Ya nuna mini wani ɗan fiyano na wasan yara da ya sayo a kasuwar Kongolam, rabin haƙoransa sun mutu. Da shi ya sa wata murya guda mai tsawo a ƙarƙashi, ya danne ta da dutse ya bar ta tana kuka.

"To me ya sa ban gane injin ba?"

"Batir ne. Da sabon batir injin ne sak, gudu yake kamar ana bin sa. Da na rasa na sayen sabo, sai ya riƙa ja. Na yi ta jin haushi, ina cizon batir, ina shanya shi. Wata rana na gaji na bar shi ya ja. Sai na ji abin da ka ji." Ya dube ni. "Wannan tafiyar mai yunwa ce, Habu. Amma sai Liman ya ji tukuna. Ba zan bi ta bayan gida ba."

Bayan azahar aka ajiye rikodar a kan tabarma a gindin bishiyar masallaci. Mutane suka kewaye. Liman ya rufe ido yana jan carbi, ya saurara har ya daina ja.

"Jatau, wannan ba injin bakin kasuwa ba ne ya kamu da mura?"

"Shi ne, Allah gafarta Malam."

"Wannan bugun fa?"

"Turmin gidanka ne, Allah gafarta Malam. Iyalinka sun fi kowa iya lugude."

Wuri ya kaure da dariya. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa.

"Waɗannan masu gurnanin kuma su wane ne?"

"Kwaɗin tafki."

Liman ya sauke gefen rawanin daga bakinsa. Sa'an nan ya ce, "Ni dai ban ji ganga ba, kuma ban ji an zuga kowa ba. Karatuna bai kai inda aka yi hukuncin kukan kwaɗi ba. Abin da na sani, geron yaron nan yana mutuwa. Ku je ku nome shi. In lokacin salla ya yi a kashe." Ya miƙe yana kaɗe riga. "A ajiye mini kunya ɗaya daga gefe. Kada a sa ni kusa da Sale, surutunsa ya fi na kwaɗin."

Yawancin waɗanda suka zo gonata da safen gayyar kallo ne ya kawo su. Labari ya zaga cewa Jatau zai yi kiɗa ba ganga. Matan maƙwabta kowa ta kawo ɗan abin da hannu ya damƙa na gari, Rabi ta dama kunun tsamiya a babbar tukunya, ruwa ya fi yawa. Aka ajiye ni a gindin aduwa a kan iyaka, ƙafata a kan buhu.

Kawu ya zo da rikodar rataye a kafaɗa, da maratayin gangarsa ya ɗaure ta. Ya cire murfin da ke rufe kaset ɗin, ana ganin zaren cikinsa yana juyawa. Aljihunsa biyu sun kumbura da batura, na dama masu ɗan sauran rai, na hagu waɗanda suka kusa mutuwa. Mutane suka jeru a bakin kunyoyi, wuyan riguna ya yi musu yawa, ƙasusuwan kafaɗa a waje.

Da ya danna, sai dariya. Sale ya ɗaga fartanya sama.

"Kawu, wannan ai jana'izar jaki ce! Da wannan za mu yi noma ko za mu yi barci?"

"Sunkuya, mai bakin buta. Kakanka ma da ya fi ka baki na sa ya yi shiru."

Suka sunkuya suna dariya. Kowa ya fara da nasa saurin, fartanyoyi suna faɗuwa barkatai. Ban san lokacin da abin ya canza ba. Na dai lura dariyar ta mutu, kuma duk lokacin da bugun nan mai nauyi ya sauka, fartanyoyi suna sauka tare da shi. Tsakanin bugu da bugu akwai wurin jan numfashi. Ba mai tsere wa wani, don ba a kira sunan kowa ba.

Ni da nake zaune na ga abin da su ba su gani ba. Kawu yana bin bayansu, ba ya kallon rikoda, bayansu yake kallo. In ya ga wani dattijo ya fara dafa gwiwa, sai ya ɗora yatsa a kan zaren kaset ya ɗan danne, kiɗan ya ƙara ja, layin duka ya jira mutumin ba tare da kowa ya san an jira shi ba. In suka kai ƙarshen kunya suna juyawa, sai ya zare batir ɗaya ya sauya da wani, daga dama ko daga hagu, gwargwadon abin da ya gani a jikinsu. Da rana ta take, daga aljihun hagu kawai yake ɗauka.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ciyawar da aka tuge ya cika wurin. Gumi ya manne musu riguna a baya. Rabi tana bin gefe da ƙwarya da ludayi, idonta a kan hannun Kawu. A bayansu gero yana fitowa layi-layi, siriri, yana rawa a iska kamar wanda aka kwance. Na sa hannu na rufe fuskata don kada Sale ya gani ya samu abin faɗa har shekara.

Aka kashe don azahar, Liman ya ja salla a kan iyaka, aka koma. Kafin la'asar an fita ɗaya gefen. Ba wanda ya faɗi. Suka zube a inuwa suna shan sauran kunu. Can wani ya ce, "Gobe gonar wa?" Haka aka zaga gonakin marasa lafiya da na gwauraye har aka gama noman farko da maimai.

Gero ya farfaɗo. Kurkunun ya fita duka bai tsinke ba, amma sai da aka kusa girbi na iya taka ƙafar. Ranar da muka gasa tumun farko, yara suka yi faɗa a kan zangarniya, na ji faɗan nan ya fi mini komai daɗi. Surukina ya zo, ya ci tumu, ya yi mana barka, bai sake ɗaga waccan maganar ba. Na ɗauki mafi girma na kai wa Kawu ina ɗingishi.

Ni kaɗai ne namiji a ƙauyen da bai yi noma da kiɗan nan ba, ni da aka fito da shi domina. Shekara ta gaba an ƙoshi, matasa suka ce yana sa su barci, ba a sake kai shi gona ba. Na sha cewa a raina wata rana zan roƙi Kawu ya bi bayana ko kunya ɗaya ce, in ji yadda suka ji. Kunya ta hana ni, ƙato da kai ka ce a yi maka kiɗa kai kaɗai. Kullum sai in ce baɗi.

Shi kuwa bai daina ba. Ya ɗauki ƙarar keken ɗinki a kaset, ya ɗauki iska a cikin karan dawa, ya ɗauki guga tana bugun bangon rijiya. Ba mai saye, wasu ma suna cewa ya taɓu. Nakan je in zauna a zaurensa bayan la'asar, ya kunna mini sabo, ya zuba mini ido. Daga baya abubuwa suka sassauta, makaɗa suka koma sana'arsu, Liman ya rasu. Aka ce masa ai yanzu alkawari ya faɗi. Ya ce wanda ya ba hannu ba ya nan balle ya nemi ya sake shi.

Yanzu ba a gayya a wajenmu. Mutum ɗaya da jarkar feshi a baya yana gama abin da muka taru muka yi. Matasa suna noma da waya a aljihu da igiya a kunne, kowa da nasa kiɗan, ba ka jin komai sai ƙarar fartanya.

Bayan an share makoki, matar Kawu ta turo mini kwali. "Ɗauka, Habu, kai kaɗai ke sauraron shirmen nan. In na bar su ɓeraye za su ci." Rikodar tana ciki, da maratayin, da kaset mai jan zare. Rikodar ba ta juyawa. Na kai ta Daura wurin mai gyaran rediyo, kaset ɗin kuma na kai wani shago da ake tura waƙoƙi a waya, don in samu a ajiye kafin zaren ya ruɓe.

Mai shagon ya nemo tsohuwar na'ura, ya haɗa da kwamfuta, ya kunna. Injin niƙa ne sak, yana gudu. Kwaɗi kwaɗi ne, turmi turmi ne.

Na ce, "Ba shi ba ne."

"Baba, abin da ke ciki ke nan."

"Ya yi sauri."

Ya taɓa wani abu, ya rage. Nauyin ya dawo, muryoyin suka yi kauri. Amma tafiyar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kamar agogo.

"Yanzu fa?"

"Ya kusa. Amma nasa yana jira."

"Jiran wa?"

"Wanda ya gaji."

Ya dube ni, ya dubi kwamfutar, ya ce wannan kam babu maɓallinsa. Amma bai kashe ba, ya saurara har ƙarshe, masu jiran a tura musu waƙa suna tsaki. Sa'an nan ya ce akwai mutane a ƙasashen waje da irin wannan ne aikinsu, da na'urori suke yi, har taruwa ake a saurare su. Ya nemo a wayarsa ya sa mini a kunne. Wani na ji kamar ƙarfe yana kuka a cikin rijiya. Wani kuwa shuu ɗin nan ne, da bugu mai nauyi a ƙasa, har na juya in ga ko Kawu ya shigo. Ashe yana da 'yan'uwa a duniya, ya yi shekara da shekaru a zaure shi kaɗai bai sani ba. Duk hanyar komawa gida abin da nake ta tunani ke nan, da na san wannan shago tun yana da rai.

Ruwa ya zo daga baya, muka shuka, ciyawa ta fito. Na yi feshi a gonar, amma na bar gefen aduwa. Mai gyara ya tayar da rikodar, sai dai tsohon batir ma yanzu wahalar samu yake, kowa caji yake yi. Sai da na bi dattawa masu rediyo gida-gida. Na shanya su a katanga, na ciji waɗanda haƙorina ya iya.

Da sassafe na rataye rikodar a reshen aduwa, na danna, na sunkuya. Ya zo a hankali, da nauyinsa. Gwiwoyina yanzu sun kai shekarun wannan tafiyar. Na yi kunya ɗaya, na juyo, na kama ta biyu. Ina tsakiya sai ya fara ja, ya yi gurnani, ya tsaya. Na tsaya a sunkuye da fartanya a hannu ina jira a sauya batir. Na daɗe a haka kafin na tuna. Na juya baya, ba kowa sai geron da na nome da sawuna a ƙasa.

Ban ji zuwan Rabi ba. Ta ajiye kwanon fura a gindin aduwa, ta dubi baturan da na zube a kan buhu, ta dube ni. Ta tsince biyu ta sauya. Sa'an nan ta sauke rikodar daga reshe, ta rataya maratayin a kafaɗarta a kan mayafi, ta tako cikin kunya har ta tsaya a bayana.

"Malam, sunkuya. Na ga yadda yake yi."

Ta danna. Na sunkuya. Yatsanta ya fi nasa nauyi, tana dannewa tun ban gaji ba, kiɗan yana ja har ya kusa tsayawa. Ba haka yake yi ba. Ban faɗa mata ba. Na rage hannu na bi ta, muka tafi a haka har ƙarshen kunya.